Takardar da Ishaku Ya Ƙi Sa Wa Hannu

A kasuwar Suk al-Shabi ta Khartum kowa da abin da yake faɗa a kan Ishaku mai gyaran waya. Direbobin hafila, bas-bas ɗin haya na gari, sun ce in ya ce maka batir sabo ne, to sabo ne, ba sai ka sa shi rantsuwa ba. Sittana mai shayi, wadda kujerunta ke ƙarƙashin darbejiyar da ke daura da rumfarsa, ta ce shekara tara yana shan shayinta, ba ta taɓa jin ya faɗi ko abin da ya ci jiya ba. Mutanen unguwar Mayo kuwa, inda yake kwana, sun san shi ɗan ƙwadagon auduga ne daga yankin Jazira, sai da ya haura talatin ya shiga makarantar manya, daga nan bai tsaya ba har ya kai ga kwamfuta. Sai wata magana da ta ɓullo cikin 'yan watannin nan, wadda ake yi ƙasa-ƙasa: wai duk ranar Alhamis da hantsi yakan rufe rumfa, kuma an gan shi ba sau ɗaya ba yana shiga gidan nan mai baƙin ƙyaure da ba shi da allo, wanda kowa ya san na jami'an tsaro na farin kaya ne amma ba mai nuna shi da yatsa.

Sabitu ya daɗe yana toshe kunnensa daga wannan ta ƙarshen. Shi ne ya fara manhajar da suka sa wa suna Goyo, saboda mahaifiyarsa Kubura, ungozoma ce a Mayo, ta gaji da rubuta watannin mata a bangon ɗaki. Manhajar tana zama a ƙaramar waya, tana riƙe wa ungozoma sunan kowace mai ciki da lungun gidanta, tana tuna mata ranar awo. Kyauta ce, kuma rubutunta a buɗe yake, duk mai so ya duba ya gyara. Su shida ke aikin, suna haɗuwa ranar Asabar bayan la'asar a kujerun Sittana, Ishaku shi ne dattijon cikinsu.

Matsalarsu ita ce Goyo ba ta da gida. Duk aikin yana cikin wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin teburin shagon da Sabitu ke aiki, in wuta ta ɗauke ta ɗauke da shi. Shi ya sa suka nemi shiga wata gidauniya ta 'yan sa kai da ke warwatse a duniya, wadda ke karɓar irin wannan aiki ta riƙe shi don kowa, ko da masu shi sun watse. Gidauniyar ta yarda, da sharaɗi ɗaya. Akwai kundin da ke nuna wa ya ƙara me cikin manhaja, a wace rana. Dole duk wanda sunansa ke ciki ya sa hannu a takarda cewa shi ya rubuta da kansa, kuma ya bayar don kowa ya amfana. Abin da ba a san mai shi ba, sai a cire.

Ranar da Sabitu ya kawo takardun kowa ya sa hannu yana raha. Ishaku ya ɗora tabarau, ya bi rubutun da yatsa layi-layi, leɓensa na motsi.

"Nan an ce ni na rubuta."

"Ai sunanka ne a kundi, Baba Ishaku."

"Sunana ne. Fassarar da gyaran maɓallai nawa ne, zan sa musu hannu. Sashen ajiya ba zan sa ba."

Hannun Sabitu ya tsaya a kan kofi. Sashen ajiya shi ne ke riƙe bayanai in babu layi, ya haɗa su in layi ya dawo. A Mayo kuwa rashin layin ya fi samunsa yawa. In aka cire shi, Goyo ta zama kwalliya.

"To wa ya rubuta?"

"Akwai mai shi."

Suhaib, abokin Sabitu tun firamare, wanda bakinsa ba ya shiru, yake kuma ce wa Ishaku Ammu, wato baffa da Larabci, ya yi dariya. "Mai shi ba shi da suna? Ko aljani ka ɗauka aiki, Ammu? In haka ne a ba shi biro, su ma ai suna da hannu."

Ishaku ya ninke takardar ya tura ta gaban Sabitu. Ya shanye shayinsa, ya yi musu sallama, ya koma rumfa.

A hafilar komawa Mayo Suhaib ya matso har kafaɗarsu ta haɗu, ya koma Larabci ya dawo Hausa, yadda yake yi in abu ya ci shi.

"Ya zol, mutumina, ka buɗe idonka. Mutumin da ke neman harafi da yatsa ɗaya, shi zai rubuta abin da ni da kai muka yi wata biyu muka kasa? Ka duba ranakun. Alhamis ya shiga gidan nan, Asabar aiki ya fito. Kowane mako, tun watan goma."

"Rage murya."

"Na rage. Sashen nan me yake riƙe da shi? Sunan matan Mayo, da mazajensu, da ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Rabinsu ko takardar zama ba su da ita. Wa ka san zai so irin wannan kyauta?"

Da Sabitu ya isa ya buɗe kundin. Haka ne: Asabar, Asabar, Asabar. Ya yi kwana uku yana bin sashen ajiya layi-layi yana neman wata ɓoyayyiyar ƙofa da bayanai za su zurare. Bai ga komai ba. Aikin tsaf yake kamar tsakar gidan amarya, kuma wannan tsabtar ce ta ƙara tayar masa da hankali, don ya san wanda ya fi ka iyawa zai iya ɓoye abu a gaban idonka. Ya fara tuno abubuwa. Yadda Ishaku ke zama ya saurari kowa, shi ba ya cewa komai. Yadda ya taɓa tambayar ungozoma nawa ke amfani da Goyo. Har ya tuno Nabila, wata ɗalibar jami'a daga Umdurman mai kaifin kai, da takan zo zamansu bara ta yi ta musu da kowa, amma ba ta taɓa haɗa ido da Ishaku ba, in ya zauna sai ta juya kujerarta. Tun hargitsin watan tara ta daina zuwa, wayarta a kashe, aka ce ta tafi garin Madani. Wata zuciya ta ce masa, ita ta gane shi tun kafin ku.

Asabar ta gaba, da zafi ya ɗan sassauta, direbobi sun cika kujerun Sittana, Ishaku ya taho da kujerarsa kamar kullum. Sabitu ya riga ya soke mabuɗin Ishaku na shiga aikin tun safe.

"Baba Ishaku, karo na ƙarshe. Wa ya rubuta?"

"Na gaya maka, ɗana."

"Ba ka gaya mini komai ba." Muryar Sabitu ta ɗaga ba da niyyarsa ba. "To ka koma wa waɗanda suka aiko ka. Mu ba ma aiki da 'yan Alhamis."

Cokalin Sittana ya tsaya a cikin kofi. Wani direba ya sa hannu a aljihu ya taɓa wayarsa. Ishaku ya dubi Sabitu, ya dubi ƙasa, ya ɗauki kujerarsa ya koma da ita.

Cikin kwanakin da suka biyo, masu kai waya rumfar Ishaku suka ɗauke ƙafa. Sabitu yana gani in ya wuce: dattijon zaune, tebur babu komai, yana goge ƙananan sukurdireba ɗaya bayan ɗaya. Ya ce wa kansa ai shi ya jawo. Shi da Suhaib suka duƙufa sake rubuta sashen ajiya daga farko, nasu ya riƙa haɗiye sunaye, har a gwaji ya mayar da mata biyu mace ɗaya mai cikin wata goma sha huɗu. Ana haka matar da gidauniya ta haɗa su da ita ta aiko da saƙo cikin ladabi: kwamiti zai zauna ranar Litinin, in takardar sashen ajiya ba ta iso ba, sai dai su sake nema wani lokaci.

Ranar Alhamis Sabitu ya ce wa mai shagonsu ciwon kai yake. Ya tsaya nesa da gida mai baƙin ƙyaure, a bayan mai sayar da kankana. Can sai ga Ishaku ya fito hannu rabbana, rigarsa ta jiƙe da gumi. Ya koma rumfa, ya ɗauko baƙar jakar kwamfutarsa, ya hau hafilar Umdurman. Sabitu ya shige ta baya, ya rufe fuska da jarida. Suka haye gada, ruwa ya yi ƙasa, tsibirai sun fito. A Umdurman Ishaku ya sauka ya hau raksha, keken haya mai ƙafa uku, Sabitu ya tari wata ya ce a bi waccan, mai rakshar ya dube shi ta madubi sau ɗaya, bai ƙara kallonsa ba har suka isa.

Wani lungu ne na gidajen laka, ƙofa shuɗiya. Sabitu ya raɓe a bayan wata tsohuwar motar da ba ta da taya. Ya zaci zai ga wani mai baƙin tabarau. Sai ga wata tsohuwa gajeriya cikin farin tob, dogon mayafin matan garin. Ishaku ya ɗan rusuna, suka gaisa, ya miƙa mata jakar. Ko ƙafa bai sa a soro ba, ya juya ya tafi.

Sabitu yana nan yana tunanin abin yi, sai ya ji ruwa ya fantsamo masa a ƙafa. Tsohuwar ce tsaye da bokiti, tana magana da Larabci mai zafi.

"Kai mai farar riga! Tun ɗazu kake auna bangona. In sa hannu kuke so, ya sa muku da safe. Me kuma ya rage, ƙashinmu?"

"Inna, ni ba daga can nake ba," ya ce da Hausa. "Ɗan Kubura ne ni, ungozomar Mayo."

"Su ma ai uwa ce ta haife su."

Wata murya ta fito daga ciki. "Gogo, ƙyale shi. Sabitu ne."

Nabila ce zaune a kan angareb, gadon saƙar igiya, a inuwar rumfar tsakar gida, jakar Ishaku a cinyarta, ta riga ta buɗe zif. Ta rame har sai da ya sake kallo kafin ya tabbatar. Ba Madani ta je ba. A hargitsin watan tara aka kwashe su daga ƙofar jami'a, ta yi kwana ashirin da uku a tsare, aka riƙe kwamfutarta, aka sako ta bisa sharaɗin wani nata ya tsaya mata, ya riƙa zuwa duk Alhamis yana sa hannu cewa tana gida. Ta faɗi wannan a taƙaice, idonta a kan allon kwamfuta, kamar labarin wata.

"To shi Baba Ishaku mene ne naki?"

Gogo ta ajiye bokitin da ƙarfi.

"Ji wata tambaya! Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Wannan kuwa 'yar farinsa ce. Ranar da aka yaye ta aka kawo mini ita daga Jazira a bayan lori, da 'yar butarta. Ku yaran Khartum ba ku san komai ba sai latsa waya. A gidanmu uba yana kama sunan ɗan fari? Tun da aka haife ta bakinsa bai furta sunanta ba, bai taɓa cewa 'yata ba a gaban mutum. In ya zo sai ya ce, yaya mutanen ɗaki. Can ma, da suka ce ya faɗi sunan wadda zai tsaya wa, yatsa ya ɗora a kan takarda. Suka ce raini ne, suka tsayar da shi a rana har la'asar. Bai faɗa ba."

Sabitu ya zauna a bakin turmi ba tare da an ce ya zauna ba. Shi ma ɗan fari ne, amma mahaifinsa tun daga bakin layi yake ƙwala masa kira. Ya taɓa jin kakarsa na zancen wannan kunya, ya ɗauka a gonakin auduga aka baro ta tare da fartanya.

"Da 'yar wani ce, da ya ja ka gefe ya gaya maka," in ji Gogo. "Tasa ce, shi ya sa ba zai iya ba."

"Zaman banza zai kashe ni," Nabila ta ce. "Sai ya fara kawo wannan. Alhamis ya kawo, Juma'a bayan masallaci ya ɗauka, Asabar ya tura muku. Af, gyaran da na yi makon jiya bai shiga ba. Na ce ko wutarku ce ta sake ɗaukewa?"

Ashe Ishaku bai gaya mata ba. Ya ci gaba da ɗaukar jakar yana hayewa da ita gada, alhali ya san ba inda aikin zai je.

Sabitu ya so ya ce wuta ce. Ya buɗe baki, sai ya tarar Gogo ta kafe shi da ido. Ya faɗi duka: takardar, da ƙin sa hannun, da soke mabuɗin, da kalmar da ya jefa a gaban direbobi. Da ya zo kan 'yan Alhamis muryarsa ta yi ƙasa har sai da Gogo ta ce ya maimaita.

Ba wadda ta zage shi. Gogo ta shiga madafa ta fara ƙara wa gawayi iska da ƙarfin da ya fi ƙarfin wutar. Nabila ta rufe kwamfutar.

"Takardar tana wurinka?"

Ya ciro ta daga aljihu, ta yi laushi da gumi. Ta karanta.

"Na san ƙa'idarsu, na karanta tun kafin ku nema. Wannan a wurin sakatarensu take zama, ba a bazawa. A kundi kowa na iya sa sunan da ya so."

"In aka tare ta a hanya fa? Nabila, ba dole. Za mu iya jira."

"Ku jira har yaushe? Har kwamfutar ƙarƙashin teburinka ta ƙone?" Ta miƙa hannu ya ba ta biro. Ta rubuta sunanta cikakke yadda yake a katin ɗan ƙasa, Sabitu ya ga sunan Ishaku a tsakiya, baro-baro. Shekara guda suna zama tare bai taɓa tambayar sunan mahaifinta ba. Ya miƙa hannu zai karɓa, ta janye, ta sa a ambulan, ta zura a aljihun baƙar jakar.

"Baba za a kira in abu ya ɓaci, ba kai ba. Gobe zai ɗauka. In ya ga dama ya ba ka. Kuma abin da ka gani a gidan nan, ko Suhaib kada ya ji."

Ranar Asabar Sabitu ya isa kujerun Sittana tun kafin la'asar. Ya kwana biyu yana shirya magana, duk wadda ya shirya sai ya tarar tana buƙatar hujja, hujjar kuwa ba tasa ba ce da zai bayar. Sittana ta ajiye masa shayi ba tare da gaisuwar da ta saba ba. Direbobi suka taru, Suhaib da sauran suka zo. Rumfar Ishaku a buɗe take, shi kaɗai.

Can dattijon ya miƙe, ya tsallako hanya, ba kujera a hannunsa. Ya ajiye ambulan a gaban Sabitu.

"An ce a ba ka."

Ya juya zai tafi. Suhaib ya kai hannu ga ambulan, Sabitu ya danne ta da tafinsa.

"Wa ya sa hannu?" in ji Suhaib.

"Mai shi."

"Kai ma? Ya zol, sun shanye ka ne?"

Abin da Sabitu yake nema ya riga ya zo hannunsa, gobe da safe zai iya turawa. Ishaku ya kusa tsallake hanya. Sabitu ya miƙe har kujerarsa ta faɗi, ya ɗaga murya daidai yadda ya ɗaga ta ranar nan, don waɗanda suka ji waccan su ji wannan.

"Baba Ishaku! Jama'a, ku tsaya ku ji. Maganar da na faɗa a kan bawan Allahn nan, a wurin nan, ƙarya na yi masa. Ban gani ba, ban sani ba, zato ne na mayar magana. Kada wanda ya tambaye ni dalili, ba zan faɗa ba. Wanda zai yi zargi ya zarge ni." Ya tako har tsakiyar hanya, wata raksha ta kauce masa tana hon, ya durƙusa a gaban dattijon. "Na ci mutuncinka a gaban mutane, Baba. Na yi kuskure. Don Allah ka yafe mini."